Dish Ɗin Da Ya Ba Gabas Baya

Shafi na 11

Masu zagin Malam Zakariyya a ƙasan shafin jiya, duk na karanta, har da wadda ta ce in turo mata lambarsa. Ku sassauta masa don Allah, kunyar da yake ciki yau ta ishe shi.

*

Ƙarfe takwas da rabi na safiyar ranar Arfa, Malam Zakariyya yana zaune a zauren gidansa a Unguwar Shanu da littafi buɗe a cinya, amma ko layi ɗaya bai shiga kansa ba. Yau kwana shida talabijin ɗin ɗakin Inna Delu, mahaifiyarsa, ba ta nuna komai sai shuɗin allo da rubutun babu sigina. Kwana shida kuma Inna ba ta sa girkin matarsa Balaraba a baki ba, sai dai a kawo mata daga gidan maƙwabta, wai igiyar shanyar da Balaraba ta ɗaura a ƙafar ƙarfen dish ita ta janye shi.

Kuma wa ya kawo zancen igiya? Shi ne. Ranar da Inna ta tambaya, ya sosa ƙeya ya ce wataƙila igiyar nan ce. Kalma huɗu kacal, Inna ta ɗauka ta riƙe.

Ga mai son gaskiya kuwa, babu ruwan igiya. Malam Zakariyya shi ne mutumin da ake kira a tsayar da alƙibla duk lokacin da za a kafa masallaci, daga nan har Abakpa. Ranar Asabar hoton tashar Makka ya ƙara tsinkewa saboda ruwan da aka kwana biyu ana yi, sai ya ɗaga kai ya lura dish ɗin yamma yake kallo. Abin ya ba shi haushi. Yaya za a kamo Makka da abin da ya ba Makka baya? Bayan ɗalibai sun watse ya sa tsani ya hau rufin zaure da kamfas ɗinsa da sifanar babur, ya ja layin alƙibla, ya kwance noti, ya juya dish ɗin ya fuskanci gabas sak. Ya sauko yana murmushi, ya tarar hoton da yake tsinkewa ma ya tafi gaba ɗaya.

Washegari ya sake hawa ya mayar da shi yamma, ya ɗaga, ya sauke, ya karkata, shiru. Daga nan sifanar ma ta ɓace masa, ya duba ko'ina bai gani ba. Ƙaramar dikodar eriyar gora kuwa tun bara ta ƙone, sanda wuta ta zo da ƙarfi. An gwada wa Inna waya, ta ce ita idonta ba ya ganin mutane kamar tururuwa.

Kuma Inna ba don nishaɗi take kallon Arfa ba. Mijinta ya tafi Hajji shekara goma sha tara da suka wuce, can ya rasu, can aka binne shi. Ita ba ta taɓa zuwa ba. Duk shekara ranar nan take sa sabon mayafi, matan layi su cika mata ɗaki, ta zauna gaban talabijin har rana ta faɗi a can.

Yana cikin wannan tunanin ya ji tsayuwar babur a ƙofa, ya ji sallama. Tun kafin ya ɗago ya san muryar.

Jibrin ne mai haɗa dish, wanda ya kafa wannan ɗin shekara uku da suka wuce. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu a Kinkinau, amma duk Alhamis da Juma'a yana zaune a tabarmar nan yana ɗaukar karatu, in ban da wannan makon na hutun sallah. Shi ne mutumin da Malam ya kwana shida yana cewa lambarsa ba ta shiga.

Jibrin ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe shi. Ya ce Inna ce ta aika Harira maƙwabciya har gida tun da sassafe, ya kuma ba da haƙuri, ya ce wallahi ko sau ɗaya kiran Malam bai shigo wayarsa ba.

"Sabis ne," in ji Malam, yana kallon littafi.

"Haka ne, Allah ya gafarta Malam. Damina ce."

Malam ya ji kamar ya ce masa ya koma, an fasa. Amma muryar Inna ta riga ta taso daga ciki tana tambaya ko mai gyaran ne. Dole ya miƙe ya yi masa iso.

Ɗakin Inna ya riga ya cika. Mata bakwai ne ko takwas, kowa da carbi, kowa da azumi a baki, suna zaune gaban shuɗin allo kamar masu jiran likita. Balaraba tana tsaye a bakin ƙofa daga waje, hijabinta har ƙasa, hannunta a harɗe. Ba a hana ta shiga ba, amma ba wanda ya matsa mata wuri.

Jibrin ya gaida Inna ya karɓi rimot. Bai taɓa komai ba sai da ya tambaya yadda abin ya fara, ko a hankali ne ko farat ɗaya. Inna ta ce da fari hoton yakan tsaya ya farfashe in hadari ya haɗu, sannan ranar Asabar da hantsi ya ɗauke ɗif. Ya gyaɗa kai, ya zare dikoda daga wuta, ya ɗan jira, ya mayar. Ya kwance wayar da ke bayanta ya duba bakin, ya hura, ya ɗaure. Sannan ya danna wani wuri, layi biyu suka fito a allo, ɗaya ya cika kusan ƙarshe, ɗaya babu ko ɗigo.

Ya nuna wa Malam da yatsa. Na sama, in ji shi, ƙarfi ne, yana nufin dikoda lafiya lau, waya ba ta yanke ba, abin da ke gaban dish ɗin mai ɗauko hoto ma yana da rai. Na ƙasa shi ne inganci. In ƙarfi ya cika inganci babu, to dish ɗin ne yake kallon inda babu kowa.

"Ai na faɗa," in ji Inna. "Zannuwa jiƙaƙƙu aka loda wa igiya, ba dole ya karkace ba? Gida guda an rasa wurin shanya sai jikin abin da nake ganin kabarin mijina da shi."

Malam ya saci kallon Balaraba. Ba ta ɗago ba, ba ta kuma kare kanta ba, yadda ba ta kare ba tun ranar farko.

Jibrin ya ce bari ya hau ya gani. Malam ya ce tare za su hau. Jibrin ya ce haba, Malam da azumi da girma, ya zauna kawai. Malam ya ce a'a, tsanin yana da rawa, shi ya san kansa. Ya ma riga shi hawa, babbar riga a naɗe a kafaɗa, har ragon layya da ke ɗaure a tsakar gida ya daina cin dusa ya bi shi da kallo.

Dalilin saurin kuwa, yana taka tsani na uku ya tuna da layin.

Malam Zakariyya yana da al'ada. Duk inda ya tsayar da alƙibla yakan ja layi da ƙusa a kan siminti, ya yi masa kan kibiya, ya rubuta harafin ƙaf a gefe. Babu masallacin da ya auna da ba a san wannan alamar ba. Ranar Asabar hannunsa ya yi abin da ya saba, bai ko yi tunani ba. Ga shi nan kuwa a gindin dish, ruwan kwana shida ya wanke shi tas, ya fito fes.

Ya ɗora ƙafa a kai ya tsaya.

Jibrin ya hau, ya ajiye jaka, ya zagaya dish ɗin sau ɗaya. Ya kama shi da hannu biyu ya girgiza, ya ga yana motsi. Ya sunkuya ya shafa notin, ya dubi yatsansa. Tsatsa ta kankare a gefe-gefensu, ƙarfen yana ƙyalli. Ya leƙa ƙasa ya dubi inda igiyar take ɗaure, can a ƙafar da aka dasa cikin bango da siminti.

Da ya yi magana, ƙasa-ƙasa ya yi ta.

"Malam, igiya ba ta kwance noti."

"To."

"Ko saniya aka ɗaure a ƙafar nan ba za ta motsa shi ba. Ni na dasa ta."

"To, wataƙila iska."

"Iska ba ta da sifana, Allah ya gafarta Malam."

Ya ce yana so ya tsaya daidai wurin da Malam yake tsaye, don daga nan hannu yake kaiwa. Malam bai motsa ba. Jibrin ya dubi ƙasa. Ƙafar Malam lamba arba'in da biyu ce, layin kuwa ya fi kamu uku, kan kibiyar ya leƙo ta gaban yatsu, ƙaf ɗin yana zaune a gefen dunduniya.

Jibrin ya kawar da kai da sauri kamar wanda ya ga tsiraici. Wannan kawar da kan ya fi yi wa Malam ciwo a kan a ce dariya ya yi. Ya janye ƙafarsa a hankali, ya zauna a kan bulon da ke gefe.

"Yamma na ga yana kallo," ya ce, muryarsa ba ta fita sosai. "Na ce tashar Makka ce."

Jibrin ya tsuguna, don kada ya tsaya a kan malaminsa. Ya yi bayani yana kallon siminti. Ya ce dish ba Makka yake kallo ba. Mutanen can sama suke tura hoton, zuwa wani tauraro da aka rataye a sararin sama, shi kuma ya zubo shi ƙasa. Wanda suke kamawa a gidan nan ta yamma yake, can sama, kuma in aka kauce masa da faɗin yatsa ɗaya an rasa shi. Shi ya sa ba a nemansa da ido.

Malam ya tambaya, to tsinkewar da hoton yake yi tun farko fa?

Jibrin ya miƙa hannu ya kwance wayar da ke shiga gaban dish ɗin, ya karkata ta. Ruwa ya ɗigo, bakin ya yi kore. Ya ce roba ce ta tsage ruwan sama ya shiga. A yanke kan, a sa sabo, a naɗe, aikin minti biyar.

Minti biyar. Malam ya rufe ido. Ya tuna Balaraba ranar Litinin, ta kai wa Inna tuwo da miyar kuka da man shanu, irin wanda take so, aka dawo da kwanon ko buɗewa ba a yi ba. Yana zaune a wurin. Ya ce mata ta yi haƙuri, tsufa ne.

"Malam," in ji Jibrin, "ba mai jin wannan a bakina. Ko matata."

Da zagi ne da ya fi sauƙi.

Jibrin ya yanke kan wayar ya sa sabo, ya naɗe shi da baƙin salatif. Ya fito da mitarsa ya haɗa, ya kama dish ɗin yana juya shi kaɗan-kaɗan kamar mai gyara wa jariri kwanciya. Mitar ta yi ƙara siririya, ta ɗauke, ta dawo, ta yi tsayi. Ya ɗan ɗaga bakin dish ɗin sama, ƙarar ta cika kunne. Ya riƙe numfashi ya ɗaure notin ɗaya bayan ɗaya.

Kafin ya gama na ƙarshe suka ji kabbara daga ɗakin Inna.

Da suka sauko, dutsen Arfa ya cika allo, fari fat da mutane, laima a ko'ina, hannuwa a sama. Inna ta matso gaba har gwiwarta tana taɓa teburin, hawaye yana bin kumatunta, bakinta yana motsi. Sai da ta share fuska sannan ta sa wa Jibrin albarka, shi da 'ya'yansa da jikokin da bai samu ba tukuna. Sannan ta yi tambayar da Malam yake tsoro.

"To me ya same shi?"

Jibrin ya dubi Malam. Malam ya dubi ledar ɗaki, ya ƙura wa wani furen zanenta ido kamar yau ya fara ganinsa. Daƙiƙa uku aka ba shi, ko huɗu. Sun isa mutum ya buɗe baki. Bai buɗe ba.

"Juyawa ya yi, Inna," in ji Jibrin. "Wani abu ya juya shi."

"Igiya."

Jibrin ya sunkuya yana zuge jakarsa, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya yi sallama ya fita da sauri, bai ko bari Malam ya raka shi ƙofa ba.

Inna ta gyara mayafi ta ce a kira mata Balaraba. Ta shigo ta durƙusa a tsakiyar mata. Inna ta ce yau rana ce da Allah yake yafe wa bayinsa, ita wace ce da za ta riƙe mutum? Ta ce ta yafe mata, albarkacin wannan tsayuwa, amma ta kiyaye gaba, mace ta riƙa duba inda take ɗaura abu. Matan suka ce madalla, Harira ta ce Inna akwai haƙuri.

"Na gode, Inna," in ji Balaraba. "Allah ya huci zuciyarki. Ba zan ƙara ba."

Ta ce kuma yau ita za ta yi wa Inna kunun buɗa baki, in an yarda. Inna ta ce an yarda.

Malam ya fita tsakar gida. Ga shi an gama. Hoto ya dawo, Inna ta huce, Jibrin ya yi alkawari, asiri ya rufu ruf. Ya kamata ya ji sanyi. Abin da ya ji shi ne kamar ya haɗiye garwashi.

Yana tsaye kusa da rago Balaraba ta fito. Ba ta dube shi ba. Ta wuce ta kwance igiyar shanyar daga ƙafar ƙarfen, ta naɗe ta a hannu, ta shiga ɗakinta. Ta fito da wani abu a naɗe cikin hankicinsa, wankakke, gogagge. Ta miƙa masa da hannu biyu.

Tun daga nauyin ya gane. Sifanar ce.

"A aljihun farar jallabiyarka na same ta," ta ce, "ranar Lahadi, da zan yi wanki."

Ya ɗago ya dube ta. "Tun Lahadi?"

"Tun Asabar. Ina wanke-wanke na ga ƙafarka a tsani."

"Kika yi shiru?"

"Mutum goma sha biyu ke zama a zaurenka, Malam. Masallatai nawa ka auna? In aka ji wannan a layi, har yara sai sun sa maka suna." Ta gyara hijabinta. "Ni in an ce na yi wauta, ba wanda zai fasa sallah a bayana."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce, "Balaraba…"

"Shirun ban ji zafinsa ba. Abincin da aka dawo min da shi ma na jure." A nan ne muryarta ta ɗan karye. "Amma ɗazu da Inna ta tambaya, na ɗauka za ka yi magana. Wallahi na ɗauka."

Ta juya ta shiga kicin. Ya ji ta ɗauko turmi, ta fara dakan gero, bugu ɗaya bayan ɗaya, ba sauri.

Ya daɗe a tsaye da sifana a hannu. Ta taga yana jin an fara huɗuba, yana jin shessheƙar Inna. Zaure yana hannun dama, taku biyar, babur ɗinsa yana can, da akwatin da sifanar take zama. In ya jefa ta ciki ya rufe, shi ke nan har abada.

Ya cire takalmi a ƙofar ɗakin Inna.

Matan suka ja mayafi suka matsa masa, suna mamakin me ya dawo da shi. Ya ratsa su ya durƙusa daidai inda matarsa ta durƙusa ɗazu, ya warware hankicin, ya ajiye sifanar a kan leda gaban ƙafar mahaifiyarsa. A kicin dakan ya tsaya.

Inna ta sauke ido daga dutsen Arfa, ta dubi ƙarfen, ta dubi ɗanta. Ta ga hawaye a gemunsa.

"Harira," ta ce, "rage muryar nan."

Ɗakin ya yi tsit.

"Zakari, wannan na mene ne?"